Wutar da ke Cikin Fatar Kwaɗo

A ranin da ya biyo bayan daminar da ba ta yi ba, shekarar tamanin da biyar, rumfar Ƙadri mai gyaran rediyo a kasuwar Tasawa ta koma wurin hira kawai. Wanda ba shi da hatsin kaiwa gida ba ya sayen pil, wato batirin rediyo, wanda kuma ba shi da pil bai damu ba ko rediyonsa na magana. Rediyoyi ne jere a kan kanta, masu su sun kawo gyara suka wuce Katsina da Kano ci-rani, ba su sake waiwayowa ba. Ƙadri kan share su da safe, ya kunna guda don a ji sanarwar sojoji game da rabon hatsin taimako, sannan ya zauna yana juya ƙarfen narka dalmarsa, hannunsa na ƙaiƙayin aiki.

Wata ranar Alhamis da hantsi sai ga wata mata ta yi sallama a bakin rumfar, da kaye, wato littafin rubutu, a hammata. Ya san ta daga nesa. Madam Dabora ce, malamar kimiyya a kolej, matar Amos direban kamiyo, babbar motar kaya, ɗiyar Ishaya wani dattijon majami'a a Kona. An ce shekara biyu ta yi a Faransa tana karatu kafin gwamnati ta kira ta gida ta yi sarbis sibik, wato bautar ƙasa.

"Malam Ƙadri, ba rediyo na kawo ba," in ji ta bayan sun gaisa. "Na'ura nike so ka ƙera mini. Wadda za ta auna wutar lantarki ƴar mitsitsiya."

"Kamar ta mi, Madam? Ta pil?"

"Ka raba ƙarfin pil guda kashi ashirin da biyar, ka ɗauki kashi ɗaya. Kamar haka."

Ƙadri ya gyara zama. "To wane abu ne ke aiki da wuta kaɗan haka?"

"Kwaɗo."

Ya dube ta, ya dubi mai sayar da goro na maƙwabta ko ya ji. Ba dariya a fuskarta. Ta jawo benci ta zauna, ta buɗe kayen a kan gwiwarta, ta fara zane da alƙalamin bik.

Ta ce masa jikin duk wani mai rai an gina shi ne da ɗakuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kowane ɗaki da bangonsa. A jikin bangon akwai ƙofofi, wasu na buɗewa wasu na rufewa, kuma gishirin da ke narke a ruwan jiki ta nan yake shiga da fita. Shi kuwa gishiri in ya narke yakan rabu, kowane ɓarɓashi ya ɗauki tasa ƴar wuta. Duk lokacin da ƙofa ta buɗe ya wuce, wuta ce ta gudana.

"A laburatuwar ɗin da na yi aiki," ta ce, "mukan ja bututun gilashi har bakinsa ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Mu manna shi a bangon ɗaki guda, mu tsotsa a hankali har ya kama. In an yi sa'a, ƙofa ɗaya tak ce ke ƙarƙashin bakin. Sai ka ga layi kore a kan allon na'ura shina tafiya sumul, can sai ya yi tsalle ƙasa, ya tsaya, ya komo. Ƙofar ta buɗe ke nan, ta rufe. Malam Ƙadri, ranar da na fara gani ban iya cin abinci ba."

"Kin gani da idonki?"

"Da idona. Nan ba mu da kayan ganin ƙofa ɗaya. Amma fatar cikin kwaɗo cike take da su, dubu bisa dubu, duk suna shigar da gishiri ta gefe guda. In suka haɗu ya kamata su iya motsa allura. Ina gaya wa ɗalibaina wanga abu suna rubutawa kamar tatsuniya. So nike su gani."

Shekara ashirin Ƙadri yana bin wuta a cikin waya. Ya san inda take ɓuya, ya san warin da take yi in ta ƙona abu, ta sha fizgarsa har ya ga taurari. Amma bai taɓa kawowa a ransa cewa tana cikin naman halitta ba, ba injin, ba pil. Kafin ta rufe kayen ya riga ya jawo akwatin tarkacensa yana tonawa.

Kwana shida ya yi a kan aikin. Allurar ya cire ta daga wani tsohon ma'aunin wuta da gilashinsa ya tsage. Taransisto biyu ya zaƙulo daga cikin wata rediyo-kaset da ta faɗa ruwa tun bara, irin waɗanda ko numfashin wuta suka ji sai sun ƙara masa ƙarfi. Ya zana fuskar ma'aunin da hannunsa, sifiri a tsakiya, don allura ta iya zuwa dama ko hagu. Gawayin murhunsa bai mutu ba tun safe har la'asar. Masu zuwa hira suka gaji da yi masa magana yana amsawa da "uhm", suka koma rumfar tela.

Matsala ta farko ta zo tun kafin a kai ga kwaɗo. Da mutum ya matso kusa da na'urar sai allura ta hau rawa. Ko babbar riga aka kaɗa sai ta karkata. Ƙadri ya yi dariya, don wannan ya san maganinsa. Ya samo gwangwanin man taimako babba wanda aka cinye, ya yanke shi ya daddale, ya yi wa na'urar gida da shi, ya ɗaura masa waya ya soke ta a ƙasa. Allura ta natsu.

Ta biyu ita ce ta hana shi sukuni. Madam Dabora ta zo da ruwan gishiri a kofi don gwaji, suka tsoma wayoyin jan ƙarfe biyu a ciki, sai allura ta tashi da kanta ta yi dama, ba kwaɗo ba dalilinsa.

"Tsaya, Madam," in ji shi. "Ƙarfe cikin ruwan gishiri ai shi kansa pil ne. In gobe allura ta motsa, da mi za mu san kwaɗon ne ba wayar ba? Ni ba zan yarda a ruɗe ni ba."

Ta tafa hannu. "Tambayar da malamina ya yi mini ke nan, ni kuwa na kasa amsawa! Azurfa ake sa wa. Wayar azurfa, a jiƙa ta cikin jabel, ruwan nan na faranta tufafi, har ta yi baƙi-baƙi. Ita ba ta ƙarya."

Azurfa kuwa a wannan shekara ta yi wuyar gani, don mata sun kai tasu kasuwa tun kaka. Ƙadri ya koma gida yana tunani, sai ya tuna matarsa Ramatu tana da ɗan kunnen azurfa wari guda, ɗan'uwansa ya ɓace a wurin biki shekaru uku da suka wuce, ta ƙi rabuwa da shi. Ya same ta tana tankaɗen garin dawar taimako, ya zauna a kan turmi ya fara kewaye-kewaye.

"Malam, faɗi abin da ka zo faɗi," ta ce.

Ya faɗa. Ta ajiye rariya.

"Ɗan kunnena za ka sa wa kwaɗo?"

"Ba sa mishi zan yi ba. Wutar jikinshi za mu ji da shi."

"Mutane na neman abin da za su ci, kai kana neman wutar kwaɗo." Ta daɗe tana kallonsa. Wata biyar ke nan yana shigowa gidan kamar wanda aka yi wa mutuwa, yau ga shi idanu na ƙyalli, ya kasa zama wuri ɗaya. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma. "Ungo. Amma in wutar ta fito, a kira ni in gani. Ba labari nike so ba."

Wani maƙeri Buzu a bayan tasha ya narkar da shi ya ja shi ya zama waya tsawon taƙi, Ƙadri ya raba ta biyu. Suka jiƙa su a jabel har suka dushe. Da suka tsoma su a ruwan gishiri, allura ta tsaya cak a kan sifiri kamar an kafe ta da ƙusa. Ƙadri ya zagaya tebur sau biyu yana murza hannu.

Sai kuma aka rasa kwaɗo.

Tasawa garin tabkuna ce. A shekarun ƙwarai kukan kwaɗi kan hana mutum jin maganar na kusa da shi. Bana tabkunan sun bushe sun tsattsage, awaki na yawo a tsakiyarsu. Ƙadri ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sanda yana tona, ya duba bayan randunan masallaci, ya leƙa magudanar mahauta. Ko ƙwarangwal bai samu ba. Mako guda na'urar na zaune a gwangwaninta, shi kuwa yana jin kamar ya yi kuka.

Amos ne ya kawo labari. Ya tsaya da kamiyonsa a bakin kasuwa ya leƙo ta taga.

"Malam Ƙadri! Na kai hatsi Kona jiya. Surukina ya ce suna ƙara wa rijiyar unguwarsu zurfi, mai haƙar ya tarar da kwaɗi kwance cikin damshi. Jibi zan koma da wani lodin. In kana zuwa, ka shirya tukunya."

Ran Asabar da sassafe suka tafi su uku, Amos da matarsa a gaba, Ƙadri a bisa buhuna rungume da tukunyar ƙasa. Hanya duk gonaki ne fayau, ko kara babu, an cire an ba dabbobi. Nan da can gawar saniya ta bushe a gindin aduwa. Suka wuce ƙauyuka biyu da ba kowa sai tsofaffi.

A Kona suka tarar da mutane cike a bakin rijiya, Kirista da Musulmi, ana jan guga cike da yashi ana zubarwa. Ishaya, mahaifin Dabora, dogon tsoho mai furfura, shi ke riƙe da igiyar da aka ɗaura wa mai haƙa. Dabora ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ga Malam Ƙadri da na ba ka labari."

"Sannu da zuwa, Malam. Kai ne ɗiyata ta ja cikin haukarta?" Ya yi murmushi, ya leƙa rijiyar ya ɗaga murya. "Danda! Baƙin kwaɗinka sun iso!"

Daga can ƙasa muryar Danda mai haƙar rijiya ta taso kamar daga cikin tulu. Ya ce biyar ne, suna cikin wani kogo a jikin bango inda yashi ke da sanyi. Sai Rebeka, uwar Dabora, ta matso ta ce ita ba ta yarda a kwashe su duka ba. Tun tana yarinya ta san in an ga kwaɗo a rijiya ruwa na kusa, kuma ba a korar wanda ya riga ka samun wuri. Aka yi ta ja-in-ja, wasu na dariya, har Ishaya ya yanke: biyu za a ɗauka, uku su zauna.

Guga ya fito da su. Ƙadri ya tsuguna ya duba. Sun rame, fatarsu ta yi duhu, idanu rabi a rufe, amma maƙogwaronsu na motsi. Ya ɗauke su da hannu biyu kamar ƙwai, ya shimfiɗa musu jiƙaƙƙen yashi a tukunya, ya rufe da faifai ya ɗaure.

A kan hanyar komowa, daf da gari, akwai shingen sojoji. Lokacin ana tsananta bincike saboda masu karkatar da hatsin taimako. Wani saje mai tsagen Zabarmawa ya karɓi takardun Amos, ya hau bayan kamiyo ya ga ba komai sai mutum rungume da tukunya.

"Mi ke ciki?"

"Kwaɗi ne, ranka ya daɗe."

"Buɗe."

Ƙadri ya kwance faifan. Sajen ya leƙa, kwaɗi suka ɗago kai suka dube shi. Ya dubi Ƙadri, ya dubi Dabora da ta sauko tana shirin bayani, da tabaranta da kayenta.

"Madam, ke ba malamar lakwal ba ce? Har abin ya kai ku ga haka?"

"A'a, saje, ba ci za mu yi ba. Aikin kimiyya ne, za mu auna..."

"Ba sai kin ce komai ba," ya katse ta a hankali. "Ba abin kunya ba ne. A garinmu ma an ci abin da ya fi wannan." Ya sauka ya shiga rumfarsu, ya fito da gwangwanin sardin biyu da ƙunshin biskit na soja, ya tura wa Ƙadri a hannu, ya ɗaga wa yaransa hannu su janye shingen.

Sai da suka yi nisa Amos ya fashe da dariya har kamiyo na karkata. Ƙadri ma ya yi, amma da ya dubi gwangwanayen a cinyarsa sai ya daina. Da suka iso gari ya miƙa su ga wata Bafulatana da ke zaune da ƴaƴa uku a bakin tasha.

Washegari Lahadi ce, Dabora na majami'a, don haka sai Litinin. Ƙadri ya kai tukunyar gida ya sa ta a bayan randa, yana leƙawa yana yayyafa ruwa har Ramatu ta ce ko jariri ba a yi wa haka.

Litinin da safe, kafin a buga ƙararrawa, suka haɗu a wani ɗan ɗaki a kolej inda ake ajiye taswirori da ƙwarangwal ɗin roba. Nan ne laburatuwar ɗinsu. Dabora ta riga ta haɗa ruwan gishiri da ruwan batir mai tsabta da Amos ya samo a gareji, ta auna komai a sikelin makaranta. Ƙadri ya kawo kwalaben magani biyu na roba da ya huda wa kowace taga a gefe, faɗin ɗan yatsa. Ramatu ta zo da lulluɓinta ta zauna a kan benci a bakin ƙofa, ta ce daga nan ma tana gani.

Dabora ta ɗauki kwaɗo ɗaya ta juya baya. Ta gama da shi a bugu guda, yadda aka koya mata, don kada ya wahala. Ƙadri ya yi bisimilla a ransa. Ta yanko fatar cikin da almakashi, ƴar sirirya mai santsi, ta ɗauraye ta, ta shimfiɗa ta a kan tagar kwalba ɗaya. Ya shafa bazilin a gefe, ya haɗa ɗaya kwalbar taga da taga, fatar na tsakani, ya ɗaure su tam da robar tayar keke. Suka cika kowace kwalba da ruwan gishiri iri ɗaya.

"Ka gani," in ji Dabora. "Ruwa ɗaya ne dama da hagu. Waya iri ɗaya. Ba abin da ya raba su sai fatar. Sa wayoyin."

Ya ɗauko wayoyin azurfar. Ya tsoma ta hagu. Ya tsoma ta dama. Ya murɗa makunni.

Allura ta yi ɗan motsi kamar mai farkawa. Sannan ta tashi daga sifiri, ta kama hanyar dama a hankali, ta wuce goma, ta wuce ashirin, ta wuce talatin. Ta wuce arba'in, ta je hamsin da biyu ta tsaya, tana ɗan kaɗawa.

"Allahu akbar!" Bai san lokacin da ya faɗa ba. "Madam! Madam, ga ta nan! Ramatu, taso ki gani!"

Dabora ta dafe baki da hannu biyu, hawaye na zuba ta ƙarƙashin tabarau, tana cewa, "Na gode, Ubangiji, na gode." Ramatu ta taso ta leƙa ta kafaɗar mijinta.

"Wannan ɗan tsinken ne ya motsa? Shi ke nan?"

"Shi ke nan? Ramatu, ba pil a cikin ruwan nan! Ba inji! Fatar ce ke yi!"

Amma shakkarsa ta sake tasowa, don shi mutum ne da wuta ta sha yaudara. Ya ce a tsaya. Ya zare wayoyin ya musanya su, ta hagu ta koma dama. Allura ta faɗo ta ratsa sifiri ta tafi hagu, ta tsaya a hamsin da biyu. Ya mayar, ta komo. Ya tsoma su duka biyu a kwalba ɗaya, ta koma sifiri. Sau uku yana yi, sannan ya zauna a ƙasa daɓas ya kama kai yana dariya.

"To, wuta dai akwai," ya ce. "Na yarda. Amma ƙofofin fa? Wa ya ce ta ƙofa take bi?"

Dabora ta share ido ta buɗe jakarta ta fito da ƙwayar magani ɗaya a takarda. Ta ce Inusa, tsohon majon asibiti da ya yi ritaya daga aikin likita, shi ya samo mata. Magani ne da ake ba masu hawan jini da kumburin ƙafa. Aikinsa a jikin mutum shi ne ya toshe irin waɗannan ƙofofi a cikin ƙoda. Ta daka ƙwayar a cokali, ta narkar, ta tsotsa a sirinji ta miƙa masa.

"Kai za ka ɗiga. Fara da kwalbar dama, wadda ke kallon cikin fatar."

Ya ɗiga uku. Suka zuba ido. Allura ko gezau.

"Ba ta yi komai ba," in ji shi.

"Haka ya kamata. Ƙofofin ba a wannan gefen suke ba. Yanzu ta hagu, bayan fatar."

Ɗigo ɗaya ya faɗa. Kafin na biyu ya sauka allura ta fara zamewa, arba'in, talatin, goma sha biyar, kamar guga da igiya ta kuɓuce, har ta tsaya ɗan sama da sifiri. Ramatu ce ta fara magana.

"Kun kashe ta."

"Ba mu kashe ta ba, Yaya Ramatu," in ji Dabora. "Rufe ƙofa muka yi. Bari ki gani."

Ta zuƙe ruwan kwalbar hagu da sirinji ta zuba sabo, ta sake zuƙewa ta zuba, har sau huɗu. Can sai allura ta ɗaga. Ta hau a hankali, ta fi ɗazu nawa, amma tana hawa, har ta kai arba'in da shida.

Ƙadri ya miƙe tsaye. Ya rufe ƙofofin da bai taɓa gani ba da hannunsa, an wanke sun buɗe, kuma na'urar da ya haɗa da tarkacen rumfarsa ce ta ba da shaida. Ya ji ɗakin ya yi masa kaɗan. Ya fita tsakar makaranta ba hula, ya tari darakta yana saukowa daga babur ɗinsa mobilet, ya kama hannunsa yana ja.

"Mushe darakta, zo ka gani! Don Allah zo ka gani kafin ta gaji!"

Ranar ba a yi darasin farko a aji uku ba. Ɗalibai suka yi layi, biyar-biyar suke shiga. Yawancinsu ba su karya ba, wasu tun jiya da rana rabonsu da abinci, amma suka yi ta turereniya a bakin ƙofa. Dabora na bayani da Faransanci tana rubuta lambobi a kaye, Ƙadri na ɗiga magani yana wankewa, yana maimaita bayanin da Hausa ba tare da an sa shi ba. Wata ɗaliba ta tambaya ko ita ma akwai wutar a jikinta.

"Ita ke buga miki zuciya," in ji Dabora. "Ita ke kai saƙo daga idonki zuwa kanki. Yanzu haka da kike tambaya, ƙofofin ne ke buɗewa suna rufewa."

Ƙadri ya tsaya da sirinji a hannu. Wannan ba ta gaya masa ba, ko ta faɗa bai ji ba. Ya dubi yatsunsa, ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe su.

Fatar ta yi aiki har bayan azahar, sannan allura ta sauka da kanta ba ta sake tashi ba. Kwaɗo na biyu ba su taɓa shi ba. Dabora ta ce abin da suke nema sun samu. Ƙadri ya ci gaba da kiwonsa a bayan randa, yana kama masa ƙudaje da gara, har ruwan farko ya sauka a ƙarshen Yuni, ya kai shi bakin tabki ya sake shi.

Daminar ta yi kyau. Da aka koma makaranta sai takarda ta zo daga Yamai an mayar da Dabora Mayahi. Ta tafi da na'urar, Ƙadri ya ƙera wata ya bar wa kolejin Tasawa, ya ƙera ta uku don kansa. Masu ci-rani suka komo suka karɓi rediyoyinsu, aiki ya dawo, amma duk mai zuwa rumfar a shekarun da suka biyo baya ya san akwai kwalabe biyu ɗaure da roba a ƙarshen kanta. Ya gwada fatar ƙadangare bai samu komai ba. Ya gwada ganyen albasa da saiwar gero, ya rubuta wa Dabora sakamakon da ajami, Amos ya kai mata, ita kuma ta aiko da amsa da sababbin tambayoyi. Har kwalaben allura ya riƙa karɓowa wurin Inusa yana narkarwa a kan fitilar aci-balbal yana ja, ko zai samu bakin da ya kai sirantar da ta faɗa. Bai taɓa samu ba, kuma ƙofa guda ɗaya bai taɓa ganinta ba. In aka tambaye shi ko abin na damunsa, sai ya ce a'a, gilashin ne bai gane hannunsa ba tukuna, ya jawo wata kwalbar ya kara a wuta.